Kunun kanwar da Inna ta dama

Ni 'yar fari ce, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Mutanenmu sun daɗe da zama a wani ƙauye na ƙasar Gwaram, kusa da Fagam, har Fillanci ya suɓuce daga bakinmu. Abin da ya rage mana shi ne shanu, da kiran babbar 'yar'uwa Adda, sai kuma kunya. Kunyar nan a kaina ta ƙare. Inna ba ta kama sunana, ba ta kallona ido cikin ido, in tana son a ba ni abu sai ta ce, "Ku miƙa wa waccan." Da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Zana ɗaya ce tsakaninmu da ɗakin Inna, amma sai ka ce wani gari. Kowa ya san al'ada ce, ni ma na sani, sai dai sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba.

Maza ne suka biyo ni, sannan aka rufe da mace, autar Inna. Ita kam babu kunyar da ta shafe ta. Daga bakin rijiya kana jin Inna tana ƙwala mata kira da sunanta har da na wasa. Ta goya ta har ƙafarta ta kusa jan ƙasa. In za ta yi mata kitso sai ta kwantar da kanta a cinya tana yi mata hira, ni kuwa ina kan turmi ina tsince wake, ina kallonsu ta gefen ido. Na yi kishin yarinyar nan tun tana cikin tsumma, kuma har yau ban ga wanda zan ba haƙuri a kan haka ba.

Na yi karatun koyarwa, na sami aiki a wata firamare a Birnin Kudu, a nan na yi aure. Auta ta tafi jami'a a Kano, ta gama digiri ta ɗora na biyu a kan yadda ƙwayoyin jikin mutum suke aiki. Inna, da ko sunanta ba ta iya rubutawa, ta haddace wannan. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ji cewa auta "tana karatun cikin jikin ɗan'adam". Ni sai an tambaya take cewa, "Waccan tana can tana fama da yara."

Haihuwa ta yi mini jinkiri. Na yi shekaru ina jira, ina zuwa sunan 'ya'yan ƙawayena da murmushin dole. Ranar da Allah ya dube ni, na ce to, yanzu kam dole gidanmu ya juyo ya kalle ni. Ban gama murna ba aka ce auta ma ciki gare ta, ita da ko lallen amarci bai gama fita daga farcenta ba. Na yi mata barka a waya da murya mai daɗi, na kashe wayar, na zauna na yi kukana.

Haihuwar fari a gida ake yi, don haka mu biyun muka taho goyon ciki a bazara guda. Baba ya riga ya rasu, kakata ma haka. Da tana raye ita za ta karɓi jegona, Inna ta ci gaba da kunyarta. Da babu ita, dole Inna ta haɗa mu a ɗaki ɗaya, gado yana kallon gado. Ni na fara sauka, namiji, lafiya lau, a asibitin Gwaram. Auta kuwa jininta ya hau, aka kwashe ta a guje zuwa Birnin Kudu, Inna ta bi ta da mayafi a hannu. Ba a daɗe ba suka dawo da 'ya mace, da leda cike da magani, da na'urar awon jini mai igiyar roba. Allah ya gani na yi mata addu'a da zuciya ɗaya. Amma da na ga yadda gidan kaf ya tattara ya koma bakin gadonta, sai na ji ko ciwo ma ta fi ni iya yi.

Gwaggo, 'yar'uwar marigayi Baba, ita ke yi mana wanka. Safe da yamma ake tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen runhu tana fyaɗa maka a jiki har numfashinka ya nemi ɗaukewa. Hannunta nauyi gare shi, kuma a wurinta ruwan da bai sa ka salati ba bai yi zafi ba. Kunu kuwa na Inna ne, ba ta yarda kowa ya taɓa. Kunun kanwarta sananne ne a unguwa. Kanwar ungurnu take jiƙawa, ta tace ruwan, ta dama da gasarar gero da citta da kanunfari da masoro, ya fito da launinsa, da ƙamshin da ke isa ƙofar gida. Ta ce kanwa ce ke wanke cikin mai jego ta kawo ruwan nono. Nonon shanu dai babu shi. Ƙannena sun kora garke kudu neman ciyawa da ruwa, gidan shanu guda babu ko ludayi ɗaya na kindirmo. Abincinmu tuwo ne da miyar kuka da yaji, sai ƙauri, sai kunun nan.

Washegarin dawowar auta Inna ta shigo da ƙorai biyu. Ta ajiye tawa a ƙasa kusa da gado ba tare da ta dube ni ba, ta kai wa auta tata har hannu. Auta ta shinshina, ta girgiza kai.

"Inna, ba zan iya sha ba. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce, likita ya hana ni saboda jinina. Wankan ma sai dai a sirka mini."

"Mu da muka haife ku da ita muka yi jego," in ji Inna.

Maimakon ta yi shiru, sai auta ta gyara zama ta buɗe mana aji. Ta ce jikin mutum duk ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kowace da bangonta, a bangon kuma akwai ƙofofi. Wasu ƙofofin ba sa barin kowa ya shiga sai kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da nono. In ya shiga ƙwayar tsoka, sai tsokar ta matse. Hanyoyin jininta sun matse fiye da kima, shi ya sa jinin ya hau, kuma maganin da take haɗiya yana tura ƙofofin ne su ɗan rufe don hanyoyin su saki. Ta ce aikinta ke nan ma a makaranta. Tana sa ƙwayoyin a cikin ruwa, ta ƙara wa ruwan tsami ta ga ƙofa ta tsuke, ta rage tsamin ta ga ta ƙara buɗewa. In kuma kalsiyam ɗin ya taru da yawa a ciki, shi da kansa yake jawo ƙofar ya rufe ta a bayansa.

Na ce, "Sannu, malama. To ƙofofin naki suna da kwaɗo, ko asabari ake saka musu?"

Ta yi dariya, don ita ba ta gane baƙar magana in daga bakina ta fito. Inna ba ta yi dariya ba. Tana tsaye da ƙwarya a hannu, kunu yana tururi, ta rasa inda za ta kai shi. Ban taɓa ganin an mayar wa Inna da abincin hannunta ba, kuma wai auta ce ta yi. Faɗuwa ta zo mini daidai da zama.

"Kawo nan, Inna. Ni zan sha."

Ta ɗan tsaya, sannan ta tako ta miƙo mini, hannu da hannu. Na riga na shanye tawa, cikina ya cika, amma na kafa kai. Da yake ƙwaryar take jira, sai ta zauna a bakin gadona. Tun da na yi wayo ban taɓa zama da Inna a shimfiɗa ɗaya ba. Na ji katifa ta lotsa ta wajenta, na ji warin hayaƙin itace a zanenta. Na riƙa kurɓa a hankali, ina hura kunun da ya riga ya huce.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Hannun Inna ya saba da awon mutum biyu, ba ta rage ba, ni kuma ban ce ta rage ba. Ƙwarya biyu da safe, biyu da yamma, wani lokaci har da ta rana. Tana zama sai na shanye. Da farko bango kawai take kallo. Rannan sai na ji ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ya ji kanwa?"

Ni ta tambaya. Ba wani ta aika ya tambaye ni ba. Kunun ya ji kanwa har yana ɗan yankar harshe, amma in na ce ya yi, magana ta ƙare. Sai na ce, "Da za a ɗan ƙara."

Washegari ta ƙara, ta sake tambaya, na sake cewa a ɗan ƙara. Daga nan hira ta sami ƙofa. Ta ba ni labarin inda ake samun ungurnu mai kyau, da yadda ake gane wadda aka gauraya da ƙasa. Ta ce kakata ba ta iya dama kunu ba ko kaɗan, gudaji take yi, muka yi dariya ƙasa-ƙasa kamar tsohuwar tana jin mu. Har ta kai tana ɗaukar ɗana ta ce goshinsa na Baba ne. Ina sha ina satar kallon gadon auta, tana can da kofin shayinta da 'yarta, babu kowa a bakin gadonta. Daɗin da na ji a kwanakin nan ban ji shi ranar aurena ba.

Jikina ya fara yi mini magana ban saurara ba. Gefen bakina yana yi mini yam-yam kamar tururuwa na tafiya, yatsuna suna yin sanyi suna sandarewa, wani lokaci ƙwaurina ya ɗaure sai na miƙe na taka. Na ce gajiyar jego ce. Auta ta lura ina yawan murza hannu. Ta jira Inna ta fita, ta ce, "Adda, kanwar nan ta yi miki yawa. Ga shayarwa, ga ba nono a gidan. Ki rage, don Allah."

Na dube ta sama da ƙasa. A raina na ce, ashe ke ma kin san zafin abin. Tsawon rayuwata ni ke kallo daga kan turmi, yau ga auta tana kallo daga kan gado, har ta ƙirƙiro dalili na boko don ta raba ni da Inna. Na ce mata, "Ki ji da ƙofofinki, ni nawa a buɗe suke." A ranar har ƙwaryar na lashe.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, in ji masu magana, kuma ni a wurin wankan abin ya same ni. Da hantsi ne, rana ta riga ta ɗau zafi irin na bazara, Gwaggo kuma ta tashi da ƙarfinta. Ruwan ranar ya wuce na kullum. Na fito daga makewayi ina haki, gumi yana zuba, kaina yana juyawa. Na shigo ɗaki na tarar ɗana yana tsala kuka. Na zauna na sunkuya na ɗago shi, ya zo daidai gwiwata, sai yatsuna suka ƙi ni. Ina kallo suka haɗe wuri ɗaya suka miƙe, babban yatsa ya shige tafin hannu, wuyan hannun ya lanƙwashe ciki. Duka biyun. Na ce su buɗe, suka ƙi. Yaron ya fara zamewa, na tare shi da damatsana na danne shi a cinya. Ƙafafuna ma suka murɗe, leɓɓana suka tsuke, sunan Allah ma da ƙyar yake fita. Tsoro ya kama ni, numfashina ya ƙara sauri, hannuwan suka ƙara ɗaurewa.

Gwaggo ce ta fara shigowa. Tana ganin hannuwan ta ja da baya tana salati. Ta ce ta sha faɗa a daina zubar da ruwan zafi ta wajen tsamiyar bayan gida ba bisimilla, ga shi an taɓa masu wurin. Ta ce a kawo garwashi da turare, a aika wa malam ya yi rubutu. Inna ta shigo da gudu ta cire yaron daga cinyata. Ta tsaya a kaina rungume da shi.

Auta ta sauko daga gadonta, ita da ake lallaɓawa kada ta yi motsi mai ƙarfi, ta durƙusa a gabana ta kama fuskata.

"Adda, dube ni. Rufe bakinki, ki ja ta hanci. A hankali. Riƙe. Saki kaɗan-kaɗan. Bi ni, yadda nake yi."

Ban so bin ta ba ko a wannan halin, amma ba ni da zaɓi. Muka yi ta ja muna saki tare. Can sai na ji babban yatsana ya motsa, sauran suka biyo baya, hannuwan suka saki suka bar ni da tsami kamar na yini ina daka. Gwaggo ta ce turaren ne ya fara aiki. Auta ba ta yi musu ba. Ta sa yatsa ta ɗan ƙwanƙwasa kumatuna a gaban kunne, gefen leɓena ya harba da kansa. Ta ɗauko na'urarta ta awon jini ta ɗaura mini a damtse, ta hura ta cika ta bar ta a haka. Ba a jima ba, kowa yana kallo, yatsun suka sake haɗewa, wuyan hannu ya lanƙwashe. Ta sace iskar, hannun ya dawo.

"Gwaggo," in ji ta, "wanda kike zargi ba ya jira a kira shi da roba. A karɓo rubutun, a yi addu'a, duk muna so. Amma a nemo mota yanzu."

Aka samo motar wani maƙwabci. Inna ta zauna da jariran tare da Gwaggo, auta ta yafa mayafi ta shiga kusa da ni, ko arba'in ba ta yi ba. A hanyar Birnin Kudu, muna wuce gonaki da aka share ana jiran ruwa, na tambaye ta ba tare da na dube ta ba, "Mene ne?"

"Adda, in miyar yakuwa ta yi tsami me kike sa mata?"

"Kanwa."

"To jini ma yana da nasa ɗan awon tsamin, kuma ba ya son a taɓa masa shi. Kin yi ta zuba masa kanwa, tsamin ya ragu. Hakin da kika yi a wanka ya ƙara rage shi, don iskar da muke fitarwa tana tafiya da tsami. In tsami ya ragu, kalsiyam ɗin da ke yawo a jini sai ya maƙale a jikin wasu sinadaran, wanda ke sake ya yi kaɗan. Dama kuma yaro ya kwashi rabonsa tun yana ciki, yana kan kwasa a nono, ba kya mayarwa."

Ta ce ba ma ƙofofin da take aiki a kansu kaɗai abin ya taɓa ba. A jijiyoyin da ke kai saƙo zuwa tsoka akwai wasu ƙofofin, na gishiri, kuma kalsiyam ne ke zaune a bakinsu yana hana su buɗewa ba dalili. In ya yi kaɗan, ko ɗan motsi aka yi sai su wangale, saƙo ya yi ta tafiya ba wanda ya aika shi, tsoka ta ɗaure ta ƙi saki. Na gane sarai, ni ma malama ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda ta iya bayanin, ko ɗan aji uku zai ɗauka.

A asibiti aka ɗebi jinina, sakamako ya nuna abin da ta faɗa. Likita ya tsaya a kaina shi da auta suna ta Turanci suna gyaɗa kai, ni ina kwance kamar akuyar da ake ciniki a kasuwa. Ya tambaye ta inda take karatu, ya yaba mata. Sannan ya juyo ya ce mini an yi dabara da aka kawo ni da wuri, don abin yakan kama maƙogwaro ko ya rikita bugun zuciya. Aka yi mini allurar kalsiyam ta jijiya a hankali, na ji ɗumi yana bin jikina, tururuwar bakina ta tafi. Ya rubuta mini magani, ya ce in nemi madara da ƙananan kifi da zogale, a sirka ruwan wanka, kanwa kuma ko a miya in yi nesa da ita tukuna. Mijina ya zo ya yi ta yi wa auta godiya har da cire hula. Kafin magariba an sallame mu saboda jariran da muka baro.

Mun tarar da tsakar gida cike da mata masu jiran labari. Na wuce ɗaki na ɗauki ɗana, na riƙe shi da yatsuna goma, na ba shi nono. Ta taga nake jin komai. Matan suka watse, ya rage Inna da auta a gindin murhu. Sai na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa.

"Kanwar tawa ce?"

Da ni aka tambaya da na san abin da zan ce. Zafin bazara ne, hannun Gwaggo ne, rashin nono ne, ga dalilai nan birjik, kuma babu na ƙarya a ciki. Amma auta ba ta taɓa koyon auna magana a gaban Inna ba, don ba ta taɓa buƙata ba.

"Har da ita, Inna. Ita ce ma babba. Ta yi yawa ƙwarai."

Na ɗaga murya daga ɗaki na ce ni na ce a ƙara, ni na roƙa. Sai na ji an ɗaga kwano, na ji an watsa ruwa a bayan zana. Ruwan ungurnun da Inna ta jiƙa don kunun yamma ne.

Washegari auta ce ta kawo mini kofin madarar gari da ƙwayar magani, ta tsaya har na haɗiye. Inna ta dama kunun tsamiya, ta zuba a kwanon sha, ta ba Gwaggo ta shigo da shi. Na jira ta zo karɓar kwanon, Gwaggo ce ta dawo ta ɗauka. In Inna za ta shigo duba auta sai ta tsaya daga bakin ƙofa ta yi tambayarta ta juya. Ɗana ma sai an fitar mata da shi waje take ɗauka. Wata rana na tare ta a madafa na ce, "Inna, kunun tsamiyar nan ya yi daɗi." Ta ce wa Gwaggo, "Ki ce wa waccan ta koma ɗaki, rana ta yi."

Hannuna bai sake ɗaurewa ba. Kullum auta tana tambayata ko bakina yana yam-yam, tana ɗaura mini na'ura, tana murna da sauƙin da na samu, tsakaninta da Allah. Na san ta yi daidai. Na san da ba ta nan da wataƙila an yi ta turare har abin ya kai maƙogwaro. Ina yi mata godiya da baki, zuciyata kuwa tana tafasa. Ita da take da Inna tun ranar da ta zo duniya, 'yan kwanakin da na samu su ma sai da ta sa hannu a kai. Muka yi arba'in, aka yi mana kitso da lalle, kowa ta koma ɗakinta.

Ɗana yana tafiya da ƙafarsa na sake samun ciki. Ba dole ba ne a je gida a haihuwa ta biyu, amma ni na ƙudura zan je. A wannan karon auta ba ta da ciki, tana can Kano da ƙwayoyinta, ɗakin zai zama nawa ni kaɗai. Na tanadi maganina da gwangwanayen madara, na lissafa haihuwar za ta faɗo da kaka, shanu suna gida, nono ko'ina. Har akwati na haɗa na ajiye a bayan ƙofa. Ranar wata Asabar na hau mota na je in sanar.

Na tarar da Inna tana sussukar gero ita da Gwaggo. Na gaishe su, na zauna a kan tabarma, na yi ta kewaye-kewaye sannan na faɗa wa Gwaggo, yadda ya kamata, cewa in wata ya kama zan taho. Gwaggo ta yi murna ta fara lissafin itacen da za a tara. Inna ba ta daina sussuka ba. Sai da ta kwashe abin da ke cikin turmi ta zuba a faifai, sannan ta yi magana, idonta a kan geron.

"Ki ce wa waccan ta yi zamanta can kusa da asibiti. Hannuna bai karɓe ta ba. Na kusa kashe ta sau ɗaya, ba zan ƙara ba."

Gwaggo ta fara cewa ai ƙaddara ce, ai an daina kanwar. Inna ta girgiza kai, ta sa gefen mayafi ta goge fuska, ta ce ƙaiƙayi ne ya shiga mata ido.

Na ce to. Inna ta sa aka ɗaura mini gero da kuka da man shanu, aka raka ni bakin titi. A cikin mota har Birnin Kudu ina buɗe hannuwana ina rufewa a kan cinya. Lafiyarsu ƙalau, babu yatsan da ya ƙi ni.